Kafin a shafa jel ɗin tsirrai a kan rauni

A 'yan shekarun nan wata haja ta bazu a shagunan kemis na cikin Katsina, da teburan masu maganin gargajiya a kasuwannin Daura da Mai'aduwa da Charanci, har da zaurukan WhatsApp na mata masu sayar da kayan gyaran jiki. Jel ne a 'yar roba, wani kore, wani garau. A jikinsa an rubuta alobera, ko dogonyaro, ko kurkum, ko haɗinsu duka, an kuma ce yana kashe ƙwayoyin cuta, yana warkar da ƙuna da yanka da gyambo, har da ƙafar mai ciwon suga. Masu saye suna da hujjarsu. Wankin ciwo a asibiti ya yi tsada, hanyar wasu ƙauyuka ba kullum take biyuwa ba, kuma mun tashi mun tarar da iyayenmu suna magani da saiwa da ganye suna samun sauƙi.

Ina goyon bayan a yi wannan jel, a ma yi shi nan cikin jihar da tsirranmu. Sai dai duk abin da za a ɗora a kan buɗaɗɗen nama, ma'auninsa ɗaya ne da na ruwan allura: kada a sami ƙwayar cuta a cikinsa, a san yawan sinadarin da yake ɗauke da shi, a kuma gwada shi a jikin mutane kafin a yi masa kirari. Wanda aka dama a tsakar gida aka ɗura a roba bai cika ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Babban amfanin jel a kan rauni danshi ne. Har zuwa farkon shekarun 1960 likitoci ma sun ɗauka sai ciwo ya sha iska ya yi ɓawo sannan zai warke. A 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya gwada a fatar aladu, ya ga raunukan da ya rufe suka zauna da danshi sun yi sabuwar fata da saurin da ya kusan ninka na waɗanda aka bari a buɗe. Dalilin shi ne ƙwayoyin halittar fata daga gefen rauni suke rarrafowa zuwa tsakiya. In saman a jiƙe yake sai su wuce kai tsaye, in kuwa ɓawo ya bushe a kai sai sun kutsa ta ƙarƙashinsa. Tsokar ganyen alobera kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ce, ragowar kuma akwai wani sinadari mai yauƙi da ake kira asimanan wanda ke riƙe ruwan. A hunturun Katsina, lokacin da lafiyayyar fata ma take tsagewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jel yana kuma hana gozi manne wa ciwo. Duk wanda ya taɓa riƙe yaro ana ɓamɓare masa busasshen bandeji ya san sabon naman da ya fara tohowa ne ke fita tare da zaren.

Shi ma jel ɗin da ake amfani da shi a asibiti yawanci daga tsiro ya fito: wani daga sinadarin auduga da itace, wani daga ɓawon lemo, wani daga ciyawar teku. Don haka wanda ya mayar da zancen nan rigimar maganin Bature da na gargajiya ya kauce hanya tun daga farko.

To me gwaji a jikin mutane ya nuna game da alobera? A 2007 masu bincike a Tailan sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje 4 da suka ƙunshi majinyata 371, suka ga ƙunar da ba ta yi zurfi ba ta warke da wuri da kusan kwana 9 a wurin waɗanda aka sa wa alobera. A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace sakamakon bincike, ta duba gwaje-gwaje 7 masu mutum 347 a kan raunuka iri-iri, ta ce ingancin gwaje-gwajen bai kai a yanke hukunci ba. Akwai kuma wanda masu talla ba sa ambata. A 1991 a Amurka an gwada jel ɗin alobera a kan matan da ɗinkin tiyatarsu ya buɗe, ciki har da na haihuwa. Waɗanda aka sa wa jel ɗin sun ɗauki kimanin kwana 83 kafin su warke, waɗanda aka yi wa wankin da aka saba kuwa kwana 53. Matan ba su da yawa, amma wata guda na ƙarin jinya ga mai jego ba abin da za a kau da kai a kansa ba ne. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne alobera na da gurbi a ƙuna ta sama-sama da ƙujewa, ba ta da gurbi a rauni mai zurfi.

Zuma ta fi ta hujja, kuma da ita ake haɗa wasu daga cikin irin wannan jel. Allah ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, kuma an san yadda take aiki: yawan sukarinta yana zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cuta, tana da tsami, in kuma ta haɗu da ruwan ciwo tana sakin ɗan sinadarin haidirojin farokisaid a hankali. A 1988 likitan tiyata Spencer Efem ya bayar da rahoton majinyata 59 a Kalaba masu raunukan da suka ƙi jin magani, kusan dukkansu suka sami sauƙi da zuma. Amma zumar da ake sa wa rauni a asibitocin Turai an tace ta, an haska ta da hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ke ratsa abu, don kashe ƙwayoyin da ke iya ɓuya a cikinta. Wadda aka sirka da narkakken sukari a bakin tasha ba ta cikin wannan lissafi.

Inda na fi samun matsala shi ne da'awar "yana kashe ƙwayoyin cuta". Yawancinta daga gwaji guda take fitowa, wanda duk ɗalibin da ya karanci ilimin ƙananan halittu ya san shi. Ana zuba abincin ƙwayoyin cuta a ɗan faranti ya daskare, a shafa ƙwayar a kai, galibi Staphylococcus aureus mai kawo maruru da mugunya, ko Pseudomonas aeruginosa mai sa bandeji ya yi kore. Sai a huda ƙananan ramuka a ɗiga ruwan tsiron, a ajiye a zafin digiri 37 na awa 18 zuwa 24. Washegari a auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa. Bagaruwa tana yin da'ira, haka marke da sabara da lalle da dogonyaro. Gwajin gaskiya ne, kuma shi ne matakin farko da ya dace. Kuskuren shi ne a tsaya a nan a buga lakabi.

Da farko akwai batun yawa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na asibiti, wato antibayotik, yakan hana ƙwayar tsirowa da 'yan maikirogiram a cikin mililita guda, ruwan tsiro kuwa sau da yawa sai an kai miligiram, wato ninki 1,000. In aka zo haɗa jel aka sirka shi, aka shafa a kan ciwon da ke tsiyayar ruwa yana ƙara sirka shi, da wuya abin da ya rage ya kai wancan ƙarfin. Sannan jini da mugunya suna kama sinadaran su raunana su, farantin gwaji kuwa ba jini a cikinsa. Abu na uku ya fi nauyi. A tsohon gyambo ƙwayoyin ba a warwatse suke ba, sukan taru su lulluɓe kansu da wani yauƙi mai kauri su manne a gindin ciwon, kamar santsin da ke kama cikin randa wanda ɗauraya ba ta fitar da shi sai an sa hannu an dirje. A cikin wannan lulluɓi sukan jure magani ninki ɗaruruwa fiye da yadda suke jurewa a faranti. Shi ya sa ma'aikacin jinya ke kankare mataccen nama yana wankewa duk da ihun majinyaci, ba don rashin tausayi ba. Jel ɗin da aka shafa a saman mataccen nama rufe ɓarnar kawai yake yi.

Kuma abin da ke kashe ƙwayar cuta yana iya kashe sabon nama. Bagaruwa misali ce mai kyau. Ƙarfinta daga sinadarin tanin yake, wanda ke ɗaure furotin ya sandarar da shi, shi ne dalilin da majema ke jima da ita. A 1925 wani likita a birnin Ditiroyit na Amurka ya fara sa tanin a kan ƙuna, duniya ta ɗauka, aka yi shekaru ana yi. A shekarun 1940 aka daina, bayan an gano yana ratsawa cikin jini ta faffaɗar ƙuna ya lalata hanta. Wannan bai haramta binciken bagaruwa ba, ni ma ina ganin tana cikin tsirran da suka fi cancantar a bi diddiginsu a nan arewa. Yana dai nuna cewa sai an san nawa za a sa, a kan wane faɗin ciwo, na kwana nawa. Tumfafiya kuwa ba ta ma shiga wannan zance, ƙaronta yana cin fata, in ya shiga ido yana iya taɓa gani.

Haɗarin da na fi tsoro shi ne jel ɗin da kansa ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Abin da kusan dukkansa ruwa ne, ga sinadarin sukari a ciki, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga roba mai faɗin baki da kowa ke tsoma yatsa, babu abin da Pseudomonas ke so da ya wuce haka. Sinadaran hana lalacewa da aka fi samu, irin su sodiyam benzowet, sai a cikin abu mai tsami suke aiki. In ba a auna tsamin jel ɗin ba, an zuba su ne a banza. Kuma hana lalacewa daban, kashe duk wata ƙwaya daban. Na biyun yana buƙatar tukunyar tururi ta asibiti a digiri 121 na minti 15, ko hasken gama idan zafi zai lalata sinadaran tsiron. Jel ɗin alobera na kwalliya da ake sayarwa don fuska da gashi an yi shi ne don lafiyayyar fata, sau da yawa akwai turare da kala a ciki, wani ma da sifirit. Ba a sa shi a kan buɗaɗɗen ciwo.

Ga wanda ke da tsiron a gida, ga abin da ya dace. In ƙuna ce, daga ruwan wankan jego, ko kaskon jin ɗumi, ko man suya, abu na farko ruwa ne mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a riƙa kwarara shi a wurin na minti 20. Yana da amfani ko da an yi jinkiri, matuƙar ba a wuce awa 3 ba. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi. Kada a sa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko kamu, ko baƙin mai, kada kuma a fasa bororon. In fatar ta yi ja ne kawai, ba ta saluɓe ba, faɗin wurin kuma bai kai tafin hannun wanda ya ƙone ba, nan ne alobera ke da amfani. A yanko babban ganye daga ƙasan tsiron, a wanke shi da sabulu, a jingine shi a tsaye cikin kofi na minti 15 don ruwan nan mai rawaya da ɗaci ya tsiyaye. Shi ne ke ɗauke da aloyin, mai sa ƙaiƙayi da zafi a fata. Da wuƙar da aka tafasa a yanke ƙayoyin gefe, a fere bayan, a ciro farar tsokar a ɗauraye da dafaffen ruwa. A fara gwadawa a cikin damtse, in wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi a haƙura. A shafa siriri sau 2 ko 3 a rana, abin da ya rage a zubar, gobe a yanko sabo. A kuma lura cewa zabuwa ko kabar giwa da ke fitowa a dajinmu 'yar'uwar alobera ce, ba ita ce aka yi waɗancan gwaje-gwaje da ita ba.

In yanka ne ko ƙujewa, wanki ya fi duk wani abin shafawa. A danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. A tafasa ruwa lita 1, wato leda 2 na ruwan sha masu santilita 50, a zuba gishiri giram 9, kimanin cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe, a rufe ya huce. A zuƙa da sirinji marar allura a feshe cikin raunin har ƙasa da tsakuwa su fita, sannan a rufe da gozi. Ruwan da ya kwana a zubar a haɗa sabo. Ƙananan raunukan da suka ruɓe, sau da yawa ƙasar da aka bari a ciki ce ta jawo.

Akwai raunukan da ba na jel ba ne ko kaɗan. Ƙuna a fuska, ko hannu, ko al'aura, ko kan gaɓa, da duk ƙunar jariri, da wadda ta yi fari ko baƙi kuma ba ta zafi, domin rashin zafin alama ce ta cewa jijiyoyin sun ƙone. Sukar ƙusa ko ƙaya, da saran fartanya a gonar da aka zuba taki, domin ƙwayar tetanos mai sarƙe haƙora tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, tana kuma son rami mai zurfi marar iska. Wannan allura yake buƙata, musamman in an haura shekara 5 ba a yi ba. Cizon kare a wanke da sabulu da ruwa na minti 15 a tafi asibiti a ranar. Cibiyar jariri tana da jel ɗinta na kuloheksidin mai kashi 4 cikin 100 da ake bayarwa a asibiti, ban da shi kada a sa mata komai. Gyambon idon sawu na mai sikila, da ɗinkin tiyata, da kaciyar da ta kumbura, duk na ma'aikacin lafiya ne. Ƙafar mai ciwon suga ta fi kowanne gaggawa. Jijiyoyinsa sun mutu ba ya jin zafi, jini ba ya isa yatsun sosai, ƙaramin rami a tafin ƙafa yana iya kaiwa ƙashi alhali samansa bai kai kwabo ba. Sati biyun da aka yi ana shafa jel ana jiran sauƙi su ne sukan raba yanke yatsa da yanke ƙafa. A kowane ciwo kuma, in ja yana faɗaɗa, zafi yana ƙaruwa bayan kwana 2, ga wari ko kaluluwa ko zazzaɓi, ƙwayar ta shiga nama, abin shafawa ba ya kai mata.

Duk da waɗannan sharuɗɗa, ina ganin watsi da binciken tsirrai zai zama asara. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Muna da hannu a ciki. Har gobe ana fasa kafso a barbaɗa garin a kan ciwo, ana sayen ƙwaya huɗu a sha a daina. Duk ƙaramin raunin da aka warkar da wanki da jel mai tsabta, an yi tsimin maganin kashe ƙwayoyin cuta ke nan don ranar da rai zai dogara da shi.

Kuma an ga tsiro ya bi hanya ya kai. NexoBrid jel ne da aka haɗa da sinadarin karan abarba, yana narkar da mataccen naman ƙuna cikin awa 4, Turai ta amince da shi a 2012, Amurka a 2022. Filsuvez daga ɓawon wani itacen ƙasashen sanyi aka yi shi, don masu wata cutar gado da ke sa fata saluɓewa, ya sami amincewar Turai a 2022, Amurka a 2023. Kowannensu ciwo takamaimai aka yarda ya yi wa magani, kuma ba a amince da ko ɗaya a matsayin mai kashe ƙwayoyin cuta ba. A gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan na sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya.

Katsina tana da abin da ake buƙata don irin wannan aiki. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma masu sassan kimiyya, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Asibitin Janar Amadi Rimi, da na Babbar Ruga da ya daɗe yana jinyar cututtukan fata da gyambo. Abin da nake so in gani shi ne a daina warwatsa ƙarfi a kan tsirrai hamsin kowanne ya tsaya a faranti. A zauna da wanzamai da maɗora da masu ganye, a rubuta yarjejeniyar haƙƙinsu tun farko, a zaɓi tsiro biyu ko uku. A tsayar da inda za a riƙa ɗebo su da lokacin ɗiba, tunda bagaruwar kaka da ta bazara ba lalle ƙarfinsu ya zo ɗaya ba, a kuma riƙa auna sinadari guda a kowane dami don a san an maimaita abu ɗaya. A gwada a kan ƙwayoyin da aka ɗebo daga raunukan majinyatanmu, a gwada a kan ƙwayoyin halittar fata don a ga ko yana cinye su. A ɗura a bututun matsawa mai ƙaramin baki, a ajiye shi wata 6 a digiri 40 a ga ko zai tsinke ko ya canza. Bayan nan, da izinin kwamitin ladubban bincike da yardar majinyata, a raba masu ƙaramar ƙuna gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a sa musu jel ɗin, rabi farin man nan na silba da aka saba shafa wa ƙuna a asibiti, a ƙirga kwanakin warkewa da waɗanda ciwonsu ya ruɓe. A kuma bayyana sakamakon ko da bai yi daɗi ba.

Kafin a kai can, akwai abin da mai saye ya kamata ya sani yau. Lambar NAFDAC da ke jikin maganin tsirrai, in ta ƙare da harafin L, tana nufin hukumar ta duba ta ga ba ya cutarwa, ba ta tabbatar da cewa yana warkar da abin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance da'awar ba, sai dai da Turanci ake rubutawa, da ƙananan haruffa. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya su amince a kan cewa duk jel ɗin da za a sayar don rauni ya ɗauki gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, mai cewa ba na ƙafar mai suga ba ne, ba na cibiya ba, ba na rauni mai zurfi ba. Gidajen rediyon da ke karɓar tallarsa su ma su sa a karanta wannan gargaɗi da murya a ƙarshen kowace talla, domin da dama daga cikin masu sayen a ƙauyukan Daura da Zango da Ɓaure ta rediyo suka fara jin sunansa.